Yadda ake gwada tsiro a kan ɓeraye don sanin tasirinsa ga haihuwar namiji

Kowace shekara ɗalibai da dama a sassan nazarin aikin jikin ɗan Adam, haɗa magunguna, likitancin dabbobi da bayokemistiri na jami'o'inmu suna zaɓar wani tsiro da aka san shi da "maganin maza", su gwada shi a kan ɓeraye. Zogale, goron Tula, aya, dabino, habbatus sauda, namijin goro, tsidau, duk sun sha shiga ɗakin gwaji. Sai dai da yawan waɗannan ayyuka suna mutuwa tun kafin a yanka ɓera na farko, domin an ɗauki tambayar haihuwa an kuma tsara gwajin da ba zai iya amsa ta ba. Wannan jagora na ɗalibin da ke son aikinsa ya tsaya da ƙafarsa ne.

Fara da tambayar, kafin ka je kasuwa

Ƙarfin namiji daban, haihuwa daban. Namiji na iya zama zakara a shimfiɗa alhali maniyyinsa ba shi da ƙwayoyin da za su ba da ciki, wani kuma mai sanyin jiki ya cika gida da 'ya'ya. Mai magani a bakin tasha yakan haɗa su a kwalba guda, kai kuwa ba ka da wannan damar.

Dubi abin da ya faru da baƙin gagai, wato Fadogia agrestis. A 2005 Yakubu da Akanji da Oladiji na Jami'ar Ilorin suka ba ɓeraye maza jiƙon karan tsiron a awo uku: miligiram 18, 50 da 100 ga kowane kilo na nauyin jiki. Ɓerayen suka ƙara zafin neman mata, testosteron, wato sinadarin maza da maraina ke samarwa, ya ɗaga a jininsu. Da aikin ya tsaya nan, da an ce magana ta ƙare. Amma a 2008 su dai waɗannan malamai suka fitar da sakamakon ba da jiƙon na kwana 28, inda suka ga alamun illa ga aikin maraina, kuma a awo mafi ƙanƙanta ne aka ga farfaɗowa bayan an daina bayarwa. Yau ana sayar da tsiron cikin kwalabe a Amurka, masu talla suna ambaton aikin farko suna tsallake na biyu.

Ka kuma riƙe wannan: ƙaruwar testosteron a jini ba shaidar haihuwa ba ce. Idan aka ɗura wa namiji testosteron daga waje, ƙwaƙwalwa takan rage sakin LH da FSH, sinadaran da ke sa maraina aiki, maraina su sassauta aiki, yawan ƙwayoyin maniyyi ya faɗi. Saboda haka ka rubuta tambayarka a jimla guda. Sha'awa kake aunawa? Yawan ƙwayoyin maniyyi da lafiyarsu? Ko kana son ganin tsiron zai kare maraina daga wata guba, irin su dalma ko kadmiyom ko maganin kansa cyclophosphamide? Ko kuwa neman abin hana haihuwa kake yi, kamar yadda Lohiya da abokan aikinsa na Jami'ar Rajasthan a Indiya suka daɗe suna yi da 'ya'yan gwanda a kan ɓeraye da zomaye da birai? Kowace tambaya da nata tsarin.

Tsiron da yadda za ka tace shi

Kada ka sayi gari a leda. Ba ka san abin da ke ciki ba, kuma an sha kama magungunan ƙarfin maza na gargajiya da aka cakuɗa da sildenafil, sinadarin da ke cikin Viagra. Ka bi mai maganin ko wani wanda ya san daji, ku ciro tsiron da kanku, da ganyensa da furensa ko 'ya'yansa in akwai. Ka rubuta wurin, da watan, da ɓangaren da aka ɗiba, domin saiwar da aka tono da rani ba lallai ta yi daidai da ta damina ba. Daga nan ka kai samfurin ma'ajiyar tsirrai, kamar ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ko ta Jami'ar Bayero a Kano, ko ta hukumar binciken magunguna ta NIPRD a Abuja, ko ta cibiyar binciken gandun daji da ke Ibadan, a tantance shi a ba ka lambar ajiya. Sunan gida kaɗai ba ya wadatarwa, don suna guda kan hau tsirrai biyu daga wannan gari zuwa wancan.

Ka shanya a inuwa, wurin da iska ke shiga, har sai ya bushe ƙarau. Ka daka a turmi mai tsabta, ba injin niƙan unguwa da aka gama niƙa barkono da shi ba.

Wajen tacewa ɗalibai kan bi abin da suka ga na gaba da su sun yi, su jiƙa a metanol ko itanol. Tambayi kanka yadda mutane ke shan abin. In dafa shi suke yi su sha ruwan, kuma kana son ka ce wani abu game da abin da suke sha, to da ruwa za ka tace. Itanol mai kashi 70 cikin ɗari yakan janyo sinadarai da yawa waɗanda ruwa ba ya janyowa, kuma wannan ba laifi ba ne muddin ka faɗi cewa abin da ka gwada ba shi ne jiƙon mai magani ba. Hanyar da aka saba ita ce a jiƙa garin awa 72 ana girgizawa, a tace da ƙyalle mai laushi sannan da takardar Whatman lamba 1, a ƙafar da ruwan a zafin da bai wuce digiri 40 zuwa 45 ba. Ka auna abin da ya rage: in giram 500 na gari ya ba ka giram 60, ka samu kashi 12 cikin ɗari ke nan. Ka zuba a kwalba mai duhu ka sa a firji. Jiƙon ruwa yana saurin yin funfuna idan wuta ta yi kwana biyu ba ta zo ba, don haka ka kasa shi ƙananan kwalabe, kana narkar da na 'yan kwanaki kawai. Kuma ka tace wanda zai ishe ka har ƙarshe a karo ɗaya. Komawa daji a tsakiyar gwaji canza magani ne.

Izini, ɓeraye da ɗakinsu

Kafin ka taɓa dabba ka nemi amincewar kwamitin kula da dabbobin gwaji na makarantarka. Mujallu masu daraja ba sa karɓar aikin da babu lambar wannan izini, kuma ba a ba da ita bayan an gama. Ƙa'idar da ake bi ta samo asali ne daga Russell da Burch a 1959: a sauya dabba da wata hanya in zai yiwu, a rage yawansu, a sauƙaƙa musu wahala.

Yawanci farin ɓera nau'in Wistar ake amfani da shi. Ka samo daga gidan dabbobin jami'a ko daga cibiya irin ta binciken lafiyar dabbobi da ke Vom, inda za a iya gaya maka ranar haihuwarsu. Shekaru sun fi nauyi muhimmanci. Ɓera yakan fara fitar da maniyyi wajen kwana 45 zuwa 50, amma bai kai cikar ƙarfinsa ba sai ya haura wata biyu da rabi. In ka fara da 'yan sati shida, duk ƙaruwar da za ka gani ta balaga ce. Ka nemi 'yan sati 10 zuwa 12, masu nauyi kusa da juna, ka bar su sati biyu su saba da wurin da hannunka.

Zafi shi ne babban abokin gabar wannan aiki a ƙasarmu. Ƙa'idar duniya ta ce ɗakin ɓeraye ya tsaya wajen digiri 22, ƙari ko ragin uku, da awa 12 na haske da 12 na duhu. Maraina ba sa son zafi, shi ya sa ma Allah ya rataye su a wajen jiki. A watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri zafin waje kan haura digiri 40, kuma ɗakin kwano marar silin ya fi haka muni. Ɓerayen da suka yi wata biyu a irin wannan ɗaki maniyyinsu zai lalace ko da zamzam kake ba su. In babu na'urar sanyaya ɗaki da tsayayyar wuta, ka tsara aikin ya faɗa cikin damina ko hunturu, ka rataye ma'aunin zafi mai nuna mafi sama da mafi ƙasa, kana rubutawa kullum. Kada kuma ka jera kejin wani rukuni kusa da taga, na wani a lungu. Ka riƙa juya musu wuri.

Sai abinci, wanda kusan kowa ke wucewa a guje. A ɗakunan gwajinmu da dama abincin kaji ake ba ɓeraye. Wani abincin yana ɗauke da tunkuzar angurya, ita kuwa angurya tana da gosifol, sinadarin da aka gwada a Sin a shekarun 1970 a kan maza sama da 8,000 a matsayin maganin hana haihuwa. Ya yi aiki sosai, amma aka watsar da shi saboda yana zubar da sinadarin fotashiyom na jini, wasu mazan kuma maniyyinsu bai dawo ba. Waken suya ma yana da sinadarai masu kama da na mata, tsohuwar tunkuzar gyaɗa kuma tana iya ɗaukar gubar funfuna. Ka karanta abin da ke jikin buhu, ka sayi iri ɗaya wanda zai kai ka ƙarshe.

Awon magani da rabon rukuni

Da farko a gano iyakar da tsiron ke zama guba. A nan an fi sabawa da hanyar Lorke ta 1983: ɓeraye tara a kasa uku, a ba su miligiram 10, 100 da 1,000 ga kilo, a jira awa 24, sannan a zaɓi awo na zagaye na biyu bisa abin da aka gani, har zuwa 5,000. Ƙa'idojin OECD, ƙungiyar ƙasashen da ke fitar da ƙa'idojin gwajin sinadarai, masu lamba 423 da 425 ma suna nan, kuma mujallun waje sun fi son su. Amma ka sani rashin mutuwa cikin kwana ɗaya ba ya nufin abu ba shi da illa a wata biyu.

Na fi ganin hikimar a ɗora awon a kan abin da mutane ke sha. A ce mutum mai kilo 60 yana shan abin da ya kai giram uku na tataccen maganin a yini, wato miligiram 50 ga kilo. Jikin ɓera ya fi saurin sarrafa magani, don haka akan ninka da 6.2, a samu kusan 310. Sai ka ɗauki wannan a tsakiya, ka sa ɗaya ƙasa da shi, ɗaya sama. Awo uku ne mafi ƙaranci, don ta haka ake ganin ko tasirin yana hawa tare da awon.

Rukunin kwatance, wato ɓerayen da za a auna sauran da su, ya samu duk abin da sauran suka samu in ban da tsiron. In da ruwa ka narkar da maganin, su ma a ɗura musu ruwa. In ka sa sinadarin Tween 80 don maganin ya narke, su ma a sa musu. Ka ware wasu ɓeraye a rukunin kwatance da na awo mafi girma waɗanda ba za a yanka tare da sauran ba, a bar su su huta daga magani don a ga ko abin da ya canza zai koma yadda yake.

Ɓeraye biyar a rukuni shi ne al'ada, dalilin kuwa kuɗi ne. Biyar na iya nuna babban canji a nauyin maraina, amma ga testosteron da ke hawa da sauka cikin yini, biyar caca ce. Gwajin tantance illa ga haihuwa na OECD mai lamba 421 yana neman aƙalla goma. In aljihu bai kai ba, gara ka rage yawan abubuwan da za ka auna da ka rage ɓeraye. Wajen rabo kuma kada ka sa hannu a keji ka kamo wanda ya zo, domin raggo da marar lafiya su ake fara kamawa, sai su taru a rukuni guda. Ka ba kowa lamba a wutsiya, ka yi ƙuri'a.

Kwana nawa?

Nan ne aikin ke rayuwa ko mutuwa. Daga ranar da ƙwayar asali ta fara rarrabuwa a cikin maraina zuwa ranar da ta zama cikakkiyar ƙwayar maniyyi, ɓera yana buƙatar kusan kwana 52. Bayan haka takan yi sama da mako guda tana ratsa efididimis, wannan murɗaɗɗiyar jijiya da ke manne da maraina, inda take nuna ta koyi iyo. Ƙaramin ɓeran gwaji nasa kwana 35 ne, ɗan Adam kuma ya haura wata biyu.

To wanda ya ba da magani kwana 14 ko 21 ya yanka, ƙwayoyin da ya ƙirga an fara ƙera su tun kafin ya je daji ciro tsiron. Kamar wanda ya zuba taki yau ne, gobe ya buɗe rumbu yana auna hatsin bara. Gajeren gwaji na iya nuna tasiri a kan motsin ƙwayoyin da ke ajiye, ko kan sinadaran jini, kuma in iyakar iƙirarinka ke nan, babu laifi. Amma in za ka ce tsiro ya ƙara ko ya rage samar da maniyyi, kwana 56 ne mafi ƙaranci, 70 ya fi kwanciyar hankali, shi ne ma sati goman da OECD ke nema kafin a haɗa namiji da mace a gwajin zuriya biyu. Rukunin hutu shi ma ya samu irin wannan tsawon. Ka zauna da malamin da ke duba aikinka ku lissafa wannan tun farkon zango, kada a zo saura sati biyar a miƙa aiki a ce a gaggauta.

Ɗura ta kullum

Da sirinji mai lanƙwasasshen bakin ƙarfe marar tsini ake ɗurawa, kai tsaye zuwa ciki. Ka kama fatar wuyan ɓeran ta baya, kansa da jikinsa su miƙe, ka zura bakin ta gefen baki a hankali. In ka ji turjiya ka janye. In ruwa ya fito ta hanci ko ya fara haki, huhu ka shiga. Ka koya a hannun ma'aikacin gidan dabbobi kafin ranar farko. Su suka fi kowa iyawa.

Lissafin ba wuya: ɓera mai giram 200 a rukunin miligiram 100 ga kilo zai sha miligiram 20. In ka haɗa ruwan maganin a miligiram 20 cikin kowace mililita, mililita ɗaya za ka ba shi. Kada ka wuce mililita ɗaya ga kowane giram 100 na nauyinsa. Ka auna su duk mako ka gyara awon, ka kuma riƙa ɗurawa a lokaci guda kullum, har da Juma'a da ranar Sallah. Ka lura da cin abincinsu. Tsiro mai ɗaci irin darbejiya na iya hana su ci, ɓeran da ya rame kuwa maniyyinsa kan ragu saboda yunwa kawai.

Barbara, da abin da ba ta nunawa

A kwanakin ƙarshe, ana ci gaba da ba da magani, ka haɗa kowane namiji da mata biyu da ba a ba su komai ba. Macen ɓera takan zo zafi duk kwana huɗu zuwa biyar. Kowace safiya ka ɗebo ɗan ruwan gabanta ka duba a madubin likita. Ranar da ka ga maniyyi, ita ce ranar farawar ciki. Bayan kwana 21 zuwa 23 za ta haihu, ka ƙirga 'ya'yan, masu rai da matattu, ka auna su.

Sai dai kada ka dogara da wannan shi kaɗai. Ɓera yana samar da maniyyi fiye da buƙatarsa nesa ba kusa ba, har ana iya rage masa kusan kashi 90 cikin ɗari ya ci gaba da ba da ciki. Ɗan Adam ba shi da wannan rarar. Tsiron da bai hana ɓera haihuwa ba yana iya yi wa mutum ɓarna, shi ya sa dole a ƙirga ƙwayoyin.

Ranar yanka

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun jajibiri ka tanadi janareto da mai, ruwan gishirin asibiti, abin ɗumama shi a digiri 37, kwalabe masu lamba, da mutum uku ko huɗu kowa da aikinsa. Ka sa wani ya sauya lambobin ɓerayen da wasu alamomi ya ɓoye takardar, don mai ƙirga kada ya san rukunin da yake dubawa. Ido yana ganin abin da zuciya ke so. Kuma a cakuɗa jerin yankan, kada a gama da rukunin kwatance da safe a bar na magani sai azahar, tunda testosteron na canzawa da lokaci.

A sumar da dabbar da ketamin haɗe da zailazin. Kulorofom da har yanzu ake gani a wasu ɗakunan gwaji yana taɓa hanta, ga wahalar da dabba, ga haɗari ga mai shaƙa. An umarce mu da kyautatawa ko a wajen yanka, kuma ɓera bai fita daga wannan ba. A ɗebi jini daga zuciya, a ware ruwansa a daskarar don auna testosteron, LH da FSH, tare da alamomin hanta da ƙoda.

Motsin maniyyi ba ya jira. Ka ciro wutsiyar efididimis, ka auna ta, ka tsattsaga a cikin sanannen adadin ruwan ɗumi, ka ba ta minti biyar zuwa goma ƙwayoyin su fito. Ɗigo ɗaya a kan gilashi mai ɗumi, ka ƙirga ƙwayoyi 200, ka raba masu tafiya gaba, masu motsi a wuri ɗaya, da waɗanda suka tsaya cik. Gilashi mai sanyi da safiyar hunturu, ko fanka tana kaɗawa a kai, ya isa ya tsayar da su ka ɗora wa tsiro laifi.

Don yawan su, ka surka kaso ɗaya da kaso 19 na ruwa mai ɗan fomalin, ka cika faifan Neubauer, wato gilashin ƙirga mai zanen gidaje, ka jira minti biyar su kwanta. Ka ƙirga kawuna a gida biyar cikin 25 na tsakiya. Da wannan surkin, abin da ka samu sau miliyan ɗaya shi ne adadinsu a mililita. Ka yi sau biyu, ka kuma mayar da lissafin kan kowane giram na naman da ka tsattsaga. Rinin iyosin da nigrosin zai raba maka rayayyu da matattu: matattu sukan sha ja, rayayyu su fito fari. Kan ƙwayar maniyyin ɓera mai ƙugiya ne, don haka wanda ya miƙe, ko ya rabu da wutsiya, ko wutsiyarsa ta naɗe, shi ne mai naƙasa.

Maraina kuma a auna su, a huda fatar, a jefa cikin ruwan adana nama na Bouin ko na Davidson. Fomalin da ake zuba hanta da ƙoda a ciki yana sa ƙwayoyin cikin bututun maraina su takure su rabu da juna, sai mai dubawa ya rubuta "lalacewa" alhali aikin kwalba ne. Hoto ɗaya mai kyau daga kowane rukuni ba hujja ba ne. A duba bututu masu yawa daga kowane ɓera, a ba su maki, misali da ma'aunin Johnsen mai hawa goma. Ka auna jakar ruwan maniyyi da furostet ma, don nauyinsu yana bin testosteron na makonni, ba na sa'ar da aka ɗebi jini ba.

Lissafi da rubutu

Ɓera shi ne ɗaya, ba gilashi ba. In ka duba wurare goma a gilashin ɓera guda, matsakaicinsu lamba ɗaya ce. Ka yi ANOVA, lissafin da ke nuna ko akwai bambanci tsakanin rukunoni, ka biyo da gwajin Dunnett in da rukunin kwatance kaɗai kake gwada kowa, ko na Tukey in kowa da kowa. Ka faɗi ɓerayen da suka mutu da dalilin mutuwarsu, da zafin ɗakin, da irin abincin. Jerin ƙa'idojin ARRIVE na rubuta rahoton gwajin dabbobi, da aka sabunta a 2020, zai nuna maka abin da ka manta.

In tsiron bai yi komai ba, ka rubuta haka. Sakamako ne, kuma masu shan sa suna da haƙƙin sani. In ya ƙara yawan maniyyi amma alamomin hanta sun tashi, su biyun su fito a taƙaitaccen bayanin farko, kada a binne na biyun a shafi na arba'in. A jimlar ƙarshe kuma ka tsaya inda gwajinka ya tsaya: wannan ɓangare na wannan tsiro, da aka tace ta wannan hanya, ya yi kaza ga ɓerayen Wistar a awo kaza cikin kwana kaza. Maganar ba wa magidanci shawarar ya sha sai an bi ta wata dabbar da ba ɓera ba, an yi gwajin guba na dogon lokaci, sannan an gwada a kan mutane ƙarƙashin kulawar likitoci.